Me ya dace in shimfiɗa a ƙasan kejin hawainiya?

Uban yara, Arkilla

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin dabbobi a kan wani abu da ya shige mini duhu, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanin, domin ina so a ga yadda lamarin yake kafin a ba ni amsa.

Makonni uku da suka wuce ɗana mai shekara 12 ya dawo daga Islamiyya da hawainiya a cikin hularsa. Ya tarar da yara sun kewaye ta a gindin wani dogon yaro suna jifa, har sun ji mata ciwo a ƙafar baya ta hagu. Na san yadda mutanenmu suke ƙyamar wannan halitta, ni kaina da farko cewa na yi ya mayar da ita inda ya ɗauko, amma da na ga ta kama reshe da ƙafar ta kasa riƙewa, sai na tabbata idan aka sake ta a haka ba za ta kwana biyu ba. Muka yanke shawarar riƙe ta har ta warke.

Kafinta ya haɗa mana keji na katako da wayar sauro a gefe uku da kuma sama, faɗinsa santimita 60, tsawonsa 60, tsayinsa 120, ƙasansa kuma falanki ne. Na sa rassa a ciki, na ajiye shi a baranda inda hantsi yake taɓa shi kafin rana ta yi zafi. Da na zo kan abin da za a shimfiɗa a ƙasa sai na ɗebo yashin gulbi da ya rage mana daga aikin gini, na zuba kaurin yatsa uku, a tunanina hakan ya fi kama da inda ta fito.

Abu biyu ne suka tayar mini da hankali. Shekaranjiya ina tsaye na ga ta harba harshe ta kama wata fara da ta sauka ƙasa, harshen ya dawo da yashi manne a jikin farar, kuma da kunnena na ji yana ƙaras-ƙaras a bakinta kafin ta haɗiye. Na biyu, saboda an ce mini ba ta shan ruwa a kwano sai dai ta lashi ɗigon da ke kan ganye, ina fesa ruwa safe da yamma, yanzu yashin ya jiƙe ya fara wari, da na tona sai na ga ƙasansa ya yi baƙi, falankin ya kumbura, ga kiyashi sun yi layi suna hawa ta ƙafar kejin.

Kowa da shawarar da ya ba ni. Kafinta ya ce in zo in ɗebi dusar katako kyauta. Maƙwabcina mai kiwon kaji ya ce ɓuntun shinkafa ya fi, shi yake zuba wa 'yan tsakinsa. Uwargida ta ce akwai ragowar kafet da ragowar ledar ɗaki a sito. Yaron kuma so yake a zuba ƙasar lambu a shuka ciyawa. Ga hunturu ya fara kaɗawa, ina tsoron in kwashe yashin wurin ya bushe ƙarƙar. Wanne zan ɗauka, kuma yashin da ta riga ta haɗiye zai yi mata illa?

Malamin dabbobi, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya saka muku da alheri. Kafin a je ko'ina, a kwashe yashin nan yau, kada a bari sai gobe.

Hawainiya ba dabbar ƙasa ba ce. Idan ka dubi ƙafarta za ka ga yatsu biyar a haɗe gida biyu, uku a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, kamar awartakin maƙeri, wutsiyar kuma tana naɗe reshe kamar hannu na biyar. Duk jikinta na hawa ne, saboda haka ƙasan keji ba wurin zamanta ba ne, wuri ne da ruwa da kashi da ragowar abinci suke faɗawa. Duk abin da za a shimfiɗa, ina auna shi da tambaya uku: idan ya manne a harshenta za ta iya haɗiye shi, yana riƙe ruwa har ya ruɓe, kuma zai bar ka ka ga kashinta da idonka?

Abin da ka gani shekaranjiya shi ne babban haɗarin. Harshen hawainiya ya fi gangar jikinta tsawo, bakinsa yana da yawu mai kauri da danƙo, kuma tana harba shi ta dawo da shi kafin ƙiftawar ido, don haka ba ta da damar tsince fara ta bar yashi. Ƙwaya kaɗan sau ɗaya takan fita da kashi idan dabbar tana shan isasshen ruwa. Matsalar ita ce maimaituwa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya taru a cikin hanjin da bai fi kaurin tsinken tsire ba, ya daskare ya toshe. Alamominsa su ne ta daina kashi, ta ƙi abinci, ciki ya kumbura, ta sauko ƙasa ta kwanta ko ta riƙa rufe ido da rana. Idan aka kai nan, ceto yana da wuya ƙwarai a dabba ƙarama irin wannan.

Dusar katako ta fi yashi muni. Tana mannewa a harshe, tana kumbura idan ta sha ruwa, tana yin fumfuna cikin kwana kaɗan, ƙurarta tana shiga ido, kuma wadda ake tarawa a shagon kafinta gauraye take da garin itatuwa iri-iri, wasu an shafa musu maganin gara, wasu da gam a jikinsu. Ɓuntun shinkafa yana da kaifi kuma ba ya narkewa a ciki. Ya dace da 'yan tsaki ne saboda su a ƙasa suke zaune kuma ba a fesa musu ruwa. Kafet kuwa, farcen hawainiya yana maƙalewa a zarensa, ga ta da ƙafa mai ciwo, sannan yana shanye ƙazanta ta yadda samansa zai yi kamar tsaf alhali ƙarƙashinsa ƙwayoyin cuta ne zalla.

A cikin shawarwarin nan huɗu, ta uwargida a kan leda ita ce ta dace. A cire falankin da ya kumbura a sa sabo, a yanka ledar falle ɗaya ba haɗi, ta ɗan hau bangon kejin kamar santimita 5 a kowane gefe domin kada ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Idan sabuwa ce a shanya ta kwana biyu warinta ya fita. Wanda yake da hali ya sa tayil guda ɗaya babba ko tiren roba da za a iya zarowa. A kan wannan sai a shimfiɗa tsohuwar jarida falle biyu ko uku, ko farar takardar goge hannu, a canza kullum. Ban da takardar buhun siminti, domin ƙurar da ke jikinta tana ƙona fata da ido idan ta haɗu da ruwa.

Na san takarda ba ta da kyan gani, amma ga dabba mai jinya ita ce za ta riƙa ba ka labarin cikinta. Kashin hawainiya kamar na tsaka yake, da ɓangare mai duhu da kuma ɓangare fari, farin nan shi ne a madadin fitsari. Idan fari ne sol ko ya ɗan yi ruwan madara, tana samun ruwa. Idan ya koma rawaya sosai ko ruwan goro, ƙishirwa tana damunta, a ƙara feshi. A kan yashi ba za ka taɓa ganin wannan ba. Ina ba da shawara ka naɗe sabon kashi a leda ka kai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani asibitin dabbobi na kusa a duba a madubin likita, saboda wadda aka kamo daga daji da wuya a rasa tsutsar ciki a jikinta, kuma a duba ƙafar a lokaci guda.

Wankin keji kuwa, sau ɗaya a mako a fitar da ita a kan reshe, a wanke ledar da sabulu da ruwan zafi, in an so a bi da ruwan bilic kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, a ɗauraye sosai, a shanya har warin ya tafi. A guji magungunan wanke banɗaki masu sinadarin fenol, irin waɗanda suke mayar da ruwa fari kamar nono, suna cutar da dabbobi masu rarrafe. Yaron ya riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya canza takarda, ba don hawainiya tana da dafi ba, ba ta da shi, sai don kashin irin waɗannan dabbobi yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Sannan a ɗaura ɗan kofin roba mai santsi a jikin reshe a riƙa zuba farar a ciki bayan an cire mata manyan ƙafafun tsalle, domin harshen ya daina zuwa ƙasa gaba ɗaya.

Mai lambu, Kwalkwalawa

Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ne ya karanta mini wannan magana, shi ne kuma yake rubuta amsata. Na shekara fiye da 40 ina lambu a fadamar Rima, kuma hawainiya maƙwabciyata ce. A cikin rama da yakuwa da shingen lalle nake ganinta, masu iya magana ma da suka ce hawainiyarka ta kiyayi ramata, sun faɗa ne domin a can suka saba ganinta. Ba na barin yara su taɓa ta, saboda farar da take ci mini a gona ta fi abin da mutum zai iya tsincewa.

Maganar malamin dabbobi a kan yashi gaskiya ce, ban ƙi ko ɗaya ba. Amma ɗana, ina da gyara a wuri guda. Ka ce leda da jarida, ka yi shiru a kan abin da mai tambaya ya ce yana tsoro, wato bushewa. Duk wanda ya san hunturun Sakkwato ya san idan ka jiƙa jarida a watan Disamba ko Janairu, kafin ka gama alwala ta bushe ta murɗe. Dabbar da take rayuwa da lasar raɓa ba za ta ji daɗin akwatin da babu komai a cikinsa sai busassun rassa da takarda ba. Danshin da ake nema kada a neme shi a ƙasa, a neme shi a ganye.

Ga abin da nake gani. A sa tukwanen ƙasa biyu ko uku a kan ledar, a dasa musu tsiro mai ganye da yawa. Yakuwa da rama suna yi, zogale ƙarami yana yi, reshen durumi ko ceɗiya da ya kama saiwa shi ma yana yi kuma ya fi daɗewa. Tukunyar ƙasa tana yin gumi kamar randa, tana sanyaya gefenta, ganyen kuma yana riƙe ɗigon ruwa har ta zo ta lasa. A nisanci tumfafiya da tinya, ruwansu mai guba ne. Ƙasar da za a zuba a tukunyar ta zama wadda ba a taɓa sa mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, idan kuma a wurin masu sayar da furanni aka sayo tsiron, a zazzage ƙasarsa, a wanke saiwar da ganyen, a dasa a sabuwar ƙasa.

Na san za a ce ai ga ƙasa ta dawo cikin keji. To, sai a rufe bakin tukunyar da duwatsu masu santsi, kowanne ya kai girman ƙwan kaza, wato ya fi ƙarfin bakinta, a jera su ba tare da an bar inda harshe zai taɓa ƙasa ba. Tsakuwa ƙanana ba ta yi, ita ma haɗiyewa za ta yi. A wanke duwatsun a zuba musu tafasasshen ruwa kafin a sa.

Kiyashi da cinnaka kada a raina su, na taɓa ganin cinnaka sun taru a kan ƙadangaren da ya ji ciwo, kafin azahar sun gama da shi. Maganinsu mai sauƙi ne: a tsoma kowace ƙafar kejin a cikin gwangwanin madara da aka zuba wa ruwa, a riƙa ƙarawa idan ya ƙafe, kuma kada kejin ya jingina da bango. Kada a kuskura a barbaɗa garin maganin ƙwari ko a fesa fiya-fiya ko a kunna maganin sauro kusa da ita. Haka nan kada wani ya ce a sa kwanon rufi a matsayin ƙasan keji don ba ya ruɓewa. Idan bazara ta zo, Maris da Afrilu, zafi yana wuce digiri 40, ƙarfen nan kaskon tuya zai zama.

Abu na ƙarshe, Malam, ka duba ko mace ce. Sau da yawa a ƙarshen damina nakan ga hawainiya ta sauko daga ganye tana haƙa rami a ƙasa mai laushi ta gefen kwari, ta shige har sai wutsiya ake gani. Ƙwai take zubawa. Yanzu lokacin bai yi nisa ba. Idan kuma ta warke kuna neman inda za a sake ta, lambuna a buɗe yake.

Malamar kimiyya, Mabera

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta ƙarshe ita ce ta sa na kasa wucewa ban yi rubutu ba, domin a nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna.

Shekaru uku da suka wuce na riƙe wata hawainiya a gida ina nuna wa ɗalibaina yadda idanunta suke juyawa kowanne da kansa. Na yi duk abin da malamin dabbobi ya lissafa, tayil a ƙasa, takarda a kai, ana canzawa kullum, kuma ta yi wata biyu lafiya lau. Sai ta fara ƙiba, na ɗauka daɗin fara ne. Daga nan ta daina ci, ta riƙa saukowa ƙasa tana zagaye, tana karta tayil ɗin da farcenta a kowace kusurwa har takardar ta yayyage. Ni kuma duk lokacin da na gan ta a ƙasa sai in ɗauke ta in mayar kan reshe, a zatona faɗowa take yi. Kwana shida tana wannan neman, ran na bakwai da asuba na same ta kwance a kusurwa, idanu sun faɗa, ba ta kai hantsi ba. Da na shafa cikinta sai na ji ƙwai a jere kamar 'ya'yan carbi. Wurin haƙa take nema, ni kuma na hana ta shi da tsaftata.

Don haka nake cewa shawarar barin ƙasan keji ba yashi ba ƙasa tana da sharaɗi guda. Mace ba ta zubar da ƙwai a fili sai dole, tana riƙe su har su maƙale su kashe ta. Wadda aka kamo daga daji tana iya zuwa da ciki ba a sani ba, kuma a irin hawainiyar ƙasar Yaman, wadda ta fi yawa a hannun masu kiwo a Turai da Amurka, sananne ne cewa mace tana yin ƙwai gommai ko da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, kamar yadda kaza take yi ba zakara. Tamu ta nan yankin Sahel danginsu ɗaya, saboda haka ba na ɗaukar kasada da kowace mace.

Hanyar bambancewa ita ce a dubi gindin wutsiya. Na namiji babba yana da kauri, kamar an cusa wani abu a ciki, na mace kuwa yana sirancewa kai tsaye daga jiki. Idan mace ce, ko ana shakka, a sa bokitin roba wanda ba a ganin cikinsa daga waje, zurfinsa kada ya gaza santimita 30, a huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye, a cika shi da yashi wankakke da ƙasa mai tsafta rabi da rabi. A jiƙa daidai yadda idan ka dunƙula a hannu zai tsaya amma ruwa ba zai ɗiga ba. Gwajin da nake yi shi ne in tura cokali in yi rami a karkace har ƙasa; idan ya rufta, ya bushe da yawa, idan ruwa ya taru a ciki, ya jiƙe da yawa. A jingina reshe ya shiga bokitin domin ta sauka ta hau. A cikin hunturu sai an riƙa taɓa ƙasar kullum, saman yakan bushe da wuri.

Yashin Malam na gulbi zai yi amfani a nan idan an wanke sabo, ba wanda ya yi wari ba. Bambancin shi ne yana cikin bokiti guda, kuma ba a sakin fara a kansa tunda abinci yana kofi a sama. Idan ta fara haƙa, a rufe gefen kejin da zane, a hana yara leƙe, domin idan ta ga ido a kanta takan bar ramin ta fito da ƙwan a cikinta. Aikin yana iya ɗaukar yini guda ko fiye, kuma ita da kanta za ta mayar da ƙasa ta rufe ta hau sama.

Uban yara, Arkilla

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na kwashe yashin tun jiya da la'asar, kafinta ya canza falankin, an shimfiɗa leda da jarida, ƙafafun kejin kuma suna cikin gwangwanaye. Malama, na duba gindin wutsiyar da fitila, siriri ne, don haka zan haɗa bokitin gobe in Allah ya so.

Saura tambaya biyu. Ruwan feshi yana taruwa a kan ledar har jaridar tana narkewa kafin azahar, yaya zan yi da shi? Sannan yaron bai haƙura da maganar ƙasar lambu ba, ya ce ya ga hotunan keji a intanet da aka cika ƙasansu da ƙasa da tsirrai kamar ƙaramin daji. Shin waɗancan kuskure suke yi?

Malamin dabbobi, Runjin Sambo

Baba da Malama sun cike abin da na bari, na kuma karɓi gyaran. Bokitin nan wajibi ne, ya kamata in faɗe shi tun farko.

Maganar ruwa, kwanciyarsa a ƙasa ita ce take kawo wari da cutar numfashi, don haka sai an yi masa hanyar fita. A sa ɗan katako mai kaurin santimita 2 a ƙarƙashin ƙafafun baya domin kejin ya ɗan karkata gaba, a huda falanki da leda a kusurwar da ruwan yake gangarawa, a cusa guntun tiyo a toshe gefensa da kyau, a rufe bakinsa da 'yar wayar sauro, a ajiye roba a ƙasa tana tara. A zubar da ruwan kullum, kada a mayar da shi kan tsirran ciki. Idan an yi haka, jaridar ba sai ta rufe ko'ina ba. Hawainiya takan zaɓi reshe guda da take kashi daga kansa, cikin kwana biyu za ka gane shi, sai ka shimfiɗa takardar a ƙarƙashinsa kawai, ka goge sauran da tsumma. Feshin ya zama a kan ganye, da sassafe da kuma gab da magariba, a bar tsakiyar rana kejin ya bushe. A hunturu za ka iya ƙara gorar ruwa da aka huda da allura a saman keji, tana ɗiga a kan ganye ɗaya bayan ɗaya, ɗigon ya ƙare a cikin tukunyar tsiro.

Abin da yaron ya gani ba kuskure ba ne, amma ba zuba ƙasa kawai ba ne. Masu yin sa suna gina ƙasan kejin kamar kwarya marar yoyo mai zurfi, su jera duwatsu ko dunƙulen gasasshen yumɓu a ƙasa don ruwa ya taru a nan, su shimfiɗa raga, su zuba ƙasa mai kauri, su rufe da busasshen ganye, sannan su saki wasu ƙananan ƙwari masu cin fumfuna da kashi, su bar shi makonni ya zauna kafin dabba ta shiga. Aiki ne mai kyau ga wanda ya ƙware kuma dabbarsa lafiyayya ce da aka tabbatar ba ta da tsutsa. Taku tana da rauni a ƙafa, ba a duba cikinta ba, kuma idan akwai tsutsa ƙwanta zai zauna a ƙasar ya riƙa komawa jikinta ta hanyar farar da ta taka wurin. Ga gara, wadda a garin nan ba ta barin katako mai danshi. Ka faɗa wa yaron tukwanen da Baba ya kwatanta su ne dajinsa, ka ba shi aikin dasa su da zaɓo duwatsun.

Uban yara, Arkilla

Ga yadda ake ciki bayan kwana biyar. Ran Laraba da safe ta yi kashi a kan jarida, na murza shi da tsinke na ji yashi a ciki, na jiya kuwa babu ko ƙwaya, farin ma da ya ɗan yi rawaya ya washe tun da muka rataya gorar. Na kai samfurin an duba, an ba da magani an kuma wanke ƙafar. Yaron ya dasa yakuwa biyu da reshen durumi, shi ya tsinto duwatsun ya wanke su.

Yau da hantsi ta sauko ta reshen da muka jingina, ta tsaya a bakin bokitin ta daɗe, ido ɗaya yana kallon ƙasar ɗaya yana kallonmu, sannan ta koma sama. Na rufe gefe biyu da tsohon zanen uwargida, na kuma hana kowa zuwa barandar sai ni. Baba, da zarar ta sauke ƙwan kuma ƙafar ta kama reshe, za mu kawo ta Kwalkwalawa ni da yaron, har da bokitin yadda yake ba tare da an tona ba, ka nuna mana inuwar da za a ajiye shi.